Bajon Rabi'atu da Idon Jirgin Yaƙi

Ranar Talata da la'asar Rabi'atu ta dawo daga aiki da takarda a hannu, ko sallama ba ta yi ba. Mijinta Zailani yana falo yana goge wata tsohuwar kyamara, sai ya ga ta jingina da ƙofa ta sulale ƙasa, hannunta ɗaya a kan cikinta.

"Malam, sun cire ni daga ɗakin hoto. Bajona ya dawo, wai *reading* ɗin ya ninka ƙa'ida sau takwas."

Hoton ƙashi Rabi'atu take ɗauka a wani asibiti a Bronx. Duk mai aiki a ɗakin ana ba shi ɗan bajo ya maƙala a riga, shi yake auna radiyeshin da ya shiga jikin mutum. Mai juna biyu kuwa ana ƙara mata wani a ƙugu, saitin jaririn, duk wata a aika da shi a duba. Cikinta wata shida, bayan shekara tara da aure da ɓari biyu. Wannan na ƙugun ne ya dawo da mugun labari.

Zailani ya buɗe baki zai ce innalillahi, sai idonsa ya faɗa ƙofar ɗakin kwana.

Shi dai mai gyaran kyamara ne a wani shago a Manhattan, ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa mai hoto a Sabon Garin Zariya. Mutumin kirki ne, amma in ya ga tsohon gilashi hankalinsa barin jikinsa yake yi. Sati biyar da suka wuce ya samo wani idon kyamara wurin wani tsoho a Brooklyn, ƙato kamar kwanon sha, da nauyi kamar turmin ƙarfe. Irin wanda ake ɗaura wa jiragen leƙen asiri ne a yaƙin duniya na biyu, jirgi yana can sama da gajimare yana ɗauko hoton gadoji da sansanin soja a kan fim mai faɗin tafin hannu. Don hoton ya fito tar, an haɗa gilashin da wani sinadari mai fitar da radiyeshin, shi ya sa da tsufa yake rinewa kamar ruwan shayi. Tsohon bai ɓoye masa ba. Har dariya ya yi, ya ce ba ya cutarwa, in dai ba kwana za ka riƙa yi da shi ba.

Maganin rinewar, duk masu sana'ar sun sani, rana ce. Zailani ya naɗe gindinsa da takardar foyil irin ta gasa kifi, ya kafa shi a taga, fuskar gilashin na kallon sama. Kuma a duk gidansu na University Heights taga ɗaya ce take samun rana, ta ɗakin kwana, kamu biyu da matashin Rabi'atu. Bai gaya mata komai ba, don ya san a ranar za ta wurga shi a shara.

Ya ɗaga Rabi'atu daga ƙasa, ya ba ta ruwa, ya ce in sha Allahu kuskure ne. Tana shiga wanka ya sunkuci abin ya cusa a jakar tafiya, ya tura can saman kabad.

Kwana uku ya yi a cikin tsoron da bai taɓa sanin irinsa ba. A jirgin ƙasa ya wuce tasharsa sau biyu. A shago sukudireba ta riƙa kuɓuce masa, har mai shagon ya tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. In ya karanta a waya ya ga an ce ba komai, sai ya gangara ƙasa ya ga wani ya ce a nisanta shi da masu ciki. A gida Rabi'atu ta daina cin abinci sai ya matsa mata. Takan zauna a bakin gado tana jiran motsin yaron, in ya motsa ta kamo hannun Zailani ta ɗora a wurin, tana cewa, "Ka ji shi? Lafiyarsa lau, ko?" Shi kuwa sai ya ce lafiya lau, yana jin kansa kamar ɓarawon da aka ba ajiyar makulli. Sau nawa maganar ta zo masa har leɓe, tsoron idonta ya mayar da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Hamdatu ta zo. 'Yar Zongon Kumasi ce, ita ke kula da awon radiyeshin a asibitin, kuma ƙawar Rabi'atu. Ta ajiye wata mita mai ruwan ɗorawa a kan tebur.

"Na *check* duka mashin, babu *leak*, ba wanda yake yoyon radiyeshin ko ɗaya," in ji ta. "Rabi, gaya mini gaskiya. In kin tashi aiki, ina kike barin bajon?"

Rabi'atu ta sunkuyar da kai. Doka ta ce a bar shi a asibiti.

"Gida nake zuwa da shi. Tun da na yi ɓarin nan na biyu ba na iya barinsa a loka. Addu'a nake tofa masa in na yi magariba, in ajiye a taga har safe, a kan wannan kwanon gilashin na Malam." Ta leƙa ɗakin. "Af, ina ma yake?"

Zailani ya ce ya kai shi shago.

Hamdatu ta bi tagar da mita, ta bi gado, ta bi bango har banɗaki. Mitar ba ta ce komai ba sai ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi. Ta ajiye ta a gindin kabad ba tare da ta kashe ba, fuskarta ba walwala.

"To, ba mu san daga ina ba ke nan. Dole in rubuta jikinki ne ya ɗauka, kuma ban san ko yana nan yana shigarki ba. Litinin za ki ga *specialist*, babban likita."

Rabi'atu ta rungume cikinta da hannu biyu, ta fara wani irin kuka marar sauti. Kukan nan Zailani ya san shi, sau biyu ya taɓa jinsa. Bai san lokacin da ya taka kujera ya sauko da jakar ba.

Yana zuge zif mitar ta ɗauka kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Hamdatu ta dube shi, ta dubi gilashin.

"Mayar da shi daidai inda yake, Malam Zailani."

Ya mayar. Ta ɗora mitar a kan gilashin, ƙara ta cika ɗakin. Ta ja da baya taƙi ɗaya, ƙarar ta ragu. Ta ci gaba da ja a hankali, Zailani na bin hannunta da ido. Ta kwantar da mitar a kan matashin Rabi'atu. Ƙyas. Can an jima, ƙyas.

"Bajon ne ya sha, ba ke ba," in ji Hamdatu. "Wata guda yana kwana a kan abin nan. Nan wurin matashin kuwa daidai yake da abin da mitar za ta nuna a titi. Yaronki bai samu komai ba."

Zailani ya durƙushe yana alhamdu lillahi, hawaye na zuba. Da ya ɗago, Rabi'atu ba kuka take yi ba. Saman kabad take kallo, inda jakar ta fito.

"Yaushe ka ɗauke shi daga tagar?"

"Talata."

"Talata," ta maimaita. "Ina wanka."

Sai ta ɗan zabura, yaron ya motsa. Zailani ya miƙo hannu kamar kullum. Ta dubi hannun, sannan ta kamo na Hamdatu ta ɗora a kan cikinta.