Rigar Makaranta a Ɗakin Jego

Tun ranar da Yaya Gulruh ta dawo daga asibiti da jaririyarta, kakarmu Bibi ta sa aka kafa ƙusoshi a bangon zaure. Jaririyar, Mehrona, ta zo duniya da saura mako uku, 'yar mitsitsiya, yatsunta kamar tsinken ashana. Don haka Bibi ta ce har a yi arba'in babu mai wuce zauren nan da kayan da ya shiga gari da su. Sai ka tuɓe ka rataye, ka wanke hannu, ka sa kayan gida, ka zauna a benci ka ɗan huce, sannan ta zagaya kanka da hayaƙin ispand, wani busasshen tsiro da ake turare da shi. Ita abin da take gudu iskar titi ce da idon mutane. Ni kuwa na karanta babin ƙwayoyin cuta a littafin kimiyya har sau uku, sai na zama 'yar sandanta. Ni na ƙara dokar sabulu. Ni nake tare Baba idan ya dawo daga shago, yana mita wai a gidansa an mai da shi kamar mai shiga ɗakin tiyata.

"Parizod, ke da Bibinki ku buɗe asibiti mana, kowa ya huta," in ji shi, yana tsaye da ƙafa ɗaya yana fama da wando.

Ranar Litinin, Mehrona tana da kwana ashirin da uku, na taso daga makaranta na samu kujera a ƙaramar bas. Wata mata ta shigo da kaya niƙi-niƙi da ɗanta, ta miƙo min shi ba tare da ta kalle ni ba, kamar yadda kowa yake yi wa wanda ya samu wurin zama. Yaron ya kwantar da kansa a ƙirjina. Jikinsa da ɗumi, yana tari ƙasa-ƙasa, kuma a bayan kunnensa na ga jajayen ƙuraje. Na so in ce ta karɓi abinta, amma kunya ta hana ni. Haka na riƙe shi har gadar kogi, ina ɗauke numfashi ina saki.

Ina shiga zaure na ji kukan Mehrona, wani iri, kamar daga ƙarƙashin matashi. Na ƙwala wa Yaya kira, sai na ji ƙarar ruwa a banɗaki. Bibi tana can bayan gida tana manna gurasa a tanderu. Ban san lokacin da na wuce ƙusoshin nan ba. Na tarar mayafin karammiski da ake rufa wa gadon lilon Mehrona ya zame daga sandar sama ya kwanta a fuskarta. Na fizge shi, na kwance ɗaurin da ke riƙe ta a gadon, na ɗauke ta na rungume. Sai da ta yi shiru tana ajiyar zuciya na lura inda kumatunta yake: daidai aljihun rigar makarantata, daidai inda yaron bas ya sa kansa.

Na mayar da ita, na gyara mayafin, na koma zaure da gudu na tuɓe. Na wanke hannu har fata ta yi ja. Da Bibi ta zo da kaskon hayaƙi ta same ni zaune a benci cikin rigar gida, har yaba min ta yi, wai ni kaɗai ce mai jin magana a gidan nan.

Ranar Laraba da safe ƙuraje suka fito wa Mehrona a wuya, ƙanana, jajaye. Kafin azahar sun kai ƙirji. Yaya Gulruh ta zauna tana kallonsu tana share hawaye da gefen ɗankwali. Ta ce a kai ta asibiti, Bibi ta ce jaririn da bai yi arba'in ba ba ya taka titi, a jira nas da za ta zo gobe. Sannan ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta ƙara wa yarinyar bargo. Laifin kuma ta ɗora wa Baba, wai ta san sarai ba ya canza safa. Baba ya rantse, ta ce rantsuwar ɗan kasuwa ce. Ina zaune a wurin ina juya cokali a shayi.

Na shige ɗakina na buɗe littafi. Ƙyanda. Ƙarambau. Na karanta alamominsu har na haddace. Littafin ya ce ciwon yakan kwana goma ko fiye kafin ya bayyana, na ɗan ji sanyi, sai kuma na tuna bai ce komai ba a kan jaririn da ya zo da wuri. Ƙila su nasu ya fi sauri. A ƙasan shafin an rubuta abin da ƙyanda take iya yi wa jarirai, na sa hannu na rufe layin, amma na riga na gani. Sau biyu na je ƙofar Yaya da niyyar faɗa mata, sau biyu na dawo da cewa na zo tambayar ko tana son ruwa.

Ranar Alhamis ban je makaranta ba, na ce kaina ke ciwo. Nas Shahlo, mai duba masu jego a unguwarmu, ta iso da hantsi. Bibi ta tare ta a zaure da tsohuwar rigarta ta gida. Nas ɗin doguwa ce, rigar ta tsaya mata a gwiwa, ta ce gida tara take shiga a rana kuma kowace kaka da tata dokar, amma yau ne aka fara tuɓe ta. Ta wanke hannu ta shiga ɗakin jego, ta tsaya cak da zafin ɗakin ya buge ta, ta tambaya ko a nan ake gasa gurasar.

Ta fara kwance Mehrona. Mayafi, bargo, wani bargon, zanen ɗauri, rigar ulu, rigar ciki. Ta sa mata ma'aunin zafi a hammata, ta tambayi Yaya ko tana kama nono, Yaya ta ce sosai. Sai ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba, ko akwai wanda ya yi hulɗa da mara lafiya a 'yan kwanakin nan.

Bibi ta buɗe baki za ta ambaci Baba.

"Ni ce," na ce.

Na faɗi komai, a hargitse, na fara da aljihun riga na koma bas na dawo kan mayafi. Ban iya kallon Yaya ba. Nas Shahlo ta bar ni na gama, ta zare ma'aunin ta duba a hasken fitila, ta ce jikin yarinya lafiya lau, babu zazzaɓi ko kaɗan. Ta tambayi Bibi ko an yi min allurar rigakafi ina ƙarama, Bibi ta ce duka, katin ma yana cikin akwatinta. Sannan ta kira ni kusa, ta ɗaga haɓar Mehrona ta nuna min yadda ƙurajen suka bi lanƙwasar wuya da hammata, duk inda gumi yake kwanciya.

"Ƙurajen zafi ne, malama likita. Yarinya dafuwa take yi. Watan Mayu, kun rufe taga, kun naɗe ta kamar za a aika da ita kan dutsen ƙanƙara."

Na tambaye ta ko ta tabbata. Na sake tambaya. Ta ce shekararta ashirin da biyu tana kallon wuyan jarirai, ni kuma shafi nawa na karanta? Ta ce in ni kaina na ji zazzaɓi ko tari a makon nan, in nisanci ɗakin in aika a kira ta, amma ba ta zaton za a kai ga haka. Canza kaya da wanke hannu abu ne mai kyau, a ci gaba. Sai dai mayafin karammiskin nan a ninke shi a ajiye har sanyi ya shigo.

"Da kin tsaya neman rigar gida ranar nan," ta ce, tana mayar da ma'aunin cikin jaka, "da yanzu wata maganar muke yi."

Bibi ta dubi mayafin, wanda ita ta ɗinka shi da hannunta tun haihuwar Baba. Ta ɗauke shi ta fita da shi. Da ta dawo, ita da kanta ta buɗe tagar, amma rabi kawai, tana gunaguni cewa yaran yanzu ko bargo biyu ba sa iya ɗauka.

Na zauna a kan katifar ƙasa. Yaya Gulruh ta matso ta dungure min kai, ba da ƙarfi ba.

"Kwana uku kina yawo da wannan a ciki? Shi ya sa kike ta kawo min ruwa kamar raƙuma?"

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta bar ni na yi mai isata a kafaɗarta.

Aka yi wa Mehrona wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, aka bar ta da riga ɗaya ta auduga. Ta miƙe ƙafafu tana harbin iska, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ranar Asabar da safe na leƙa wuyanta kafin in yi kalaci. Jan ya dushe, saura 'yan ɗigo uku a ƙarƙashin kunnen hagu. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa, Yaya ta ce in ina son ƙirge in zo in riƙe ta, ita ta samu ta sha shayinta da zafinsa.