Irin Kuɓewar Uwani

Malam Haliru ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyyar noma a makarantun firamare na ƙasar Batsari, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shuka abin da ya kai baki ba. Wake yake sawa a jiƙaƙƙiyar auduga cikin kwalba, ya tsiro, yara su zana shi, a zubar. Matarsa Uwani ce ke ciyar da gidan da ganye daga ɗan filin da ke bayan madafa a gidansu na Darini, ita da ba ta taɓa buɗe littafin boko ba sai in za ta yago takardar ƙunshe daddawa.

Ya sha gaya mata abin nan nata ba lambu ba ne, kasuwa ce. Yakuwa a kan rama, kabewa ta haye barkono, lalo duk inda ya ga dama. Ga kuma busassun kuɓewa da take sokewa a jikin danga, saitin makwararar da ake alwala, su yi baƙi suna reto.

"Wannan shara ce ko ado?" in ji shi.

"Malam, ci tuwonka zai huce," in ji ta.

Uwani ta rasu cikin sanyi, bayan an kai amfani gida. A bayan tulunta ya sami gwangwanin madara cike da toka, cikin tokar kuma irin kuɓewarta, wanda bai fi tafin hannu ba. Kuɓewa ce gajera, ja-ja, mai ƙaiƙayi, wadda 'ya'ya huɗu ke ɗaure miyar mutum goma. Daga ɗakin uwarta na Zakka ta zo da irin ranar da aka kawo ta, kuma ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Gab da faɗuwar damina, Turai ƙanwar marigayiyar ta biyo ta gidan ranar kasuwar Batsari. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar mutuniyar kirki, ta tambayi ƙafa, ta tambayi haƙuri, ta yi wa yayarta addu'a. Da ta gama sai ta miƙe ƙafa ta koma halinta.

"Mijin yaya, irin kuɓewar nan na zo ka raba mana. Nawa ƙwari sun cinye shi tas. Na bi duk dangi, babu mai ko ƙwara. Na wurinka ne ya rage a duniya."

"Shi ya sa ba zan ba wanda ya ciyar da ƙwari ba. Ki bari kaka ta yi, mudu zan auna miki."

"Kai za ka shuka?"

"Ke Turai, na koyar da noma kafin ki iya ɗaura zane."

"Na sani. Har gobe ana labarin waken kwalba. To, ka dai rage rabi, kada ka zuba duka a ruwan farko."

Ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, yadda yake jin muryar mai tallan manja.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi wata Talata da la'asar. Washegari tsofaffin Darini suka tona ƙasa da yatsa, suka dubi gabas, suka koma gindin itacen bedi suka zauna. Malam Haliru kuwa ya fito da igiya, da turaku, da rular katako ta zamanin aiki. Ya ja layi shida miƙaƙƙu, ya auna tazara, ya zuba iri uku uku. Da ya zo layi na shida sai ya ga in ya rage rabi kamar yadda aka ce, layin ba zai cika ba. Ya dubi gwangwani, ya dubi layi. Ya juye gwangwanin har toka.

Kwana biyar, kuɓewa ta fito reras kamar yara a filin taro. Ya tsaya a kanta hannu a baya, ya ce da ɗakin Uwani, "Kin gani?" Ɗaki bai ce komai ba. A ransa ya ɗauka nasara ce.

A gindin danga, bakin makwarara, wasu tsiro bakwai suka fito a cunkushe, ba su bi igiya ba, ba su nemi izini ba. Ya sunkuya ya tuge ɗaya, biyu, har biyar. A na shida ƙugunsa ya riƙe. Ya ja jiki ya koma tabarma yana cewa gobe zai ƙarasa su. Wannan ciwon ƙugu shi ne aikin noma mafi amfani da ya taɓa yi.

Sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana sha biyar. Ya yi ta jigilar ruwa da bokiti daga famfon unguwa, yana bin layin matan da ya koyar da 'ya'yansu, suna ce masa, "Sannu Malam, a kawo mu taya ka?" Yana cewa a'a, motsa jiki ne. Littafinsa na noma ya ce a yi ban ruwa da safe da yamma, amma bai faɗi wanda zai ɗauko ba. Ƙasar ta yi zafi har tana ƙona tafin ƙafa. Layi na ɗaya ya kwanta, na biyu ya bi shi, a tsare, ba wanda ya tsallake wani. Ranar da aka cika kwana ashirin da biyu ba abin da ya rage sai igiya da turaku.

Ya zauna a bakin makwarara da butarsa, ya yi alwala, ya daɗe bai tashi ba. Shekara arba'in mace na riƙe da abu ba ta yar ba, shi wata ɗaya ya ishe shi. A nan idonsa ya faɗa kan tsiron nan biyu da ƙugu ya ceta. Sun yi kore shar da ruwan alwalarsa, karansu ja-ja. Ya shafa ganyen, hannunsa ya ɗauki ƙaiƙayi. Ya ɗaga kai, sai ga ɓawon kuɓewar da Uwani ta soke a danga, ruwa ya fasa shi ya zubar da 'ya'yan.

Daga ranar Malam Haliru ya zama mai gadin tsiro biyu. Ya kewaye su da ƙaya. Ya yi faɗa da akuyar maƙwabta, wadda ba ta san ya taɓa zama hedimasta ba. Ya ƙara yawan nafila, kuma shi kansa bai yarda don Allah kaɗai yake yawan alwalar ba. Da ruwa ya dawo sosai, lalo da yakuwa suka fito duk inda suka ga dama. Bai taɓa su ba.

Kuɓewar ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Bai tsinki ko ɗaya ba. Damina guda yana cin miyar kuka, ga ɗanyar kuɓewa a gabansa tana tsufa.

Turai ta dawo bayan an yanke gero. Ta gaishe shi, ta wuce bayan madafa, ta tsaya tana kallon igiyar da har yanzu ke ɗaure a turaku.

"Mijin yaya, igiya ta yi kyau bana. Ina muduna?"

Ya nuna mata bakin makwarara. Ta dubi kara biyu da busassun 'ya'yansu, ta dubi danga, sai dariyarta ta tsaya.

"Yaya ce ta soke su kenan kafin ta kwanta. Haka innarmu ke yi. Ko na gwangwani ya lalace, na danga zai faɗa inda ruwa yake. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Na tambaye ta."

"Me ta ce?"

"Ta ce in ci tuwona."

"Ta yaya ka yi tambayar?"

Ya ɗauko faifai suka ɓare kuɓewar, ta kawo toka daga murhu ta cuɗa. Irin bai kai na da ba. Ya raba biyu da gefen hannu, ya tura mata kashin da ya fi yawa, ta ƙulle a bakin mayafi ba ta ce komai ba, wanda a wurin Turai ba ƙaramin alheri ba ne.

Kuɓewa uku ya ware bai ɓare ba. Da ya raka ta ƙofa ya dawo, ya soke su a jikin danga, saitin makwarara. Ta tsakiyar ta karkace. Har ya kai hannu zai daidaita ta da sauran, sai ya mayar da hannun aljihu.