Katangar Surukina

Ina cikin kwaɓa siminti a wani gini bayan Ƙofar Kaura sai wani mutum ya tsaya da babur, ya tambaya wane ne Sagiru birkila. Na ce ni ne. Ya miƙo mani takarda, ya ce sammaci ne, ranar Talata ana nemana a kotu in ba da shaida. Bokona bai yi nisa ba, don haka na roƙe shi ya karanta mani. Ya karanta, ko injin bai kashe ba. Malam Nu'uman na Ƙofar Marusa ne ya kai ƙarar maƙwabcinshi Alhaji Dabo, wai katangar da ke tsakaninsu ta ci mashi fili.

Ni na gina katangar. Alhaji Dabo kuma surukina ne, ɗiyarshi Ramla nake aure, wata bakwai ke nan.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Bara ne, Malam Nu'uman ya yi tafiya. Na auna, na kafa turaku, na ja igiya daidai kan iyaka. Alhaji ya fito ya duba, ya taɓa turke da ƙafa, ya ce in matsa da shi can kaɗan. Lokacin an sa rana amma ba a ɗaura ba. Na matsa. Ya ce ƙara. Na ƙara. Kamu biyu ne da 'yan kai.

Da na gaya wa Ramla, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"To me za ka ce masu?"

"Abin da aka yi."

"Ka faɗa mana. Amma ka san Baba. Ƙanenshi ya taɓa ƙaryata shi gaban mutane kan maganar akuya, yau shekara shida ba su gaisa ba. In ya daina amsa gaisuwarka, ni ban san inda zan sa kaina ba."

Na ninke sammacin, na sa a aljihu.

Ranar Talata na isa tun ana shara. Na zauna gindin darbejiya har aka gama shari'ar wasu mutum biyu kan janareta. Wajen sha ɗaya aka kira sunana.

Ina shiga na hango Alhaji zaune kan benci a gaba. Na tuɓe takalma, na tsugunna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya," in ji shi, yana kallon fanka.

"An tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Magatakardan kotu ya ce ba gaisuwa aka kira ni ba. Alƙali, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ce in tashi tsaye in fuskance shi. Na tashi rabi. Tunda nake ban taɓa tsayawa a kan Alhaji yana zaune ba.

"Bayanka ke ciwo?" in ji alƙali.

"A'a, Allah gafarta Malam."

"To miƙe."

Na ɗan ƙara.

Ya tambaye ni ko ni na yi ginin, na ce ni ne. Ya ce a kan iyaka na ja igiya? Na ce da farko. Ya ce daga baya fa? Na ce turke ya matsa.

"Da ƙafarshi ya tafi?"

"A'a, ni na matsa da shi. An ce in matsa."

"Wa ya ce?"

"Baba."

Alƙali ya dubi Alhaji, ya dubi Malam Nu'uman, dukansu furfura. Ya ce kotu ba ta rubuta Baba, suna take so.

Nan na tsaya. A gidanmu ko wani mai suna irin nashi aka ambata sai in ce mai sunan Baba. Balle a gabanshi, cikin mutane. Na buɗe baki, sunan bai fito ba. Magatakarda ya ɗaga biro yana jira.

"In ba ka iya faɗa, nuna shi da hannu," in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, gara sunan."

"To faɗi sunan."

"Shi ne ban iyawa."

Wani ya yi dariya a baya, aka tsawata mashi. Malam Nu'uman ya ce a bari shi ya faɗa mani, in ya so in ce e. Alƙali ya ce mai ƙara ba ya yi wa shaidarshi shaida. Ya cire tabarau, ya ce shi ba sauri yake ba, akwai sauran awa biyu kafin azahar. Ni kuwa ina nan a tsayuwar rabin nan. Zufa tana bi mani ta cikin riga. Na zuba ido kan siminti, na lura wanda ya yi daɓen bai ba shi ruwa sosai ba.

Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji Alhaji ya yi gyaran murya.

"Ni ne. Ni na ce ya matsa. Dabo Mustapha, a rubuta. A bar yaron nan ya zauna, tun ɗazu yake tsaye kamar raƙumi zai durƙusa."

Alƙali ya tambaye shi sau biyu ko ya san abin da ya faɗa, ya ce ya sani. Aka rubuta. Aka ce katanga ta koma kan iyaka cikin kwana talatin.

A waje na same shi yana neman mai Keke Napep. Na tsugunna nesa kaɗan. Ya daɗe bai dube ni ba.

"Kana da babbar guduma?"

"Akwai, Baba."

"Ka zo Asabar da safe. Kai ka gina, kai za ka rushe. Kuma kar ka ci abinci a gida, za a dama fura."

Na ce to. Ya shiga Keke ya tafi. Sai da na kai bakin titi na tuna takalmana suna cikin kotu.