Ƙafar Bahago a Kan Kuloci

Sau biyu Tela yana faɗuwa jarrabawar tuƙi, kuma duk laifin Bahago ne, mutumin da bai ma san da zamansa a duniya ba.

Bahago makaɗin ganguna ne a wata ƙungiyar kiɗan rok. Tun ranar da Tela ya gan shi a waya, zaune tsakiyar ganguna, ƙafar dama tana taka babbar ganga, ta hagu tana buɗe wasu faya-fayen ƙarfe biyu tana rufewa, hannuwa na can suna nasu sha'ani, shi ke nan kansa ya kwance. Ba kwano, ba teburin yanka, ba murfin tukunya da suka tsira. Kowa ya kawo ɗinki sai ya sha bayani.

"Ka saurara nan. Ka ji wannan ɗan bugun da yake ɓoyewa tsakanin manya? Kamar ba ya nan, amma cire shi ka ga kiɗan ya mutu."

Mai kaya ya ce ya ji, don dai a sallame shi.

Matsalar ita ce ƙafafun Tela sun haddace Bahago fiye da yadda suka haddace mota. Da sigina ta fara ƙyas-ƙyas, sai ƙafar dama ta ɗauka birki ganga ce. Ga matarsa da tsohon ciki, ga alkawarin da ya yi mata da bakinsa cewa shi zai kai ta asibiti a motar da yayansa ya bar masa, ba sai an je ana buga ƙofar maƙwabta ba. Ita kuwa tuni ta hana a kunna Bahago a gidan, ta ɓoye ludayi biyu da yake kiɗa da su.

Ranar gwaji na uku, mai jarrabawa, wani dattijo mai tabarau wanda fuskarsa ba ta san dariya ba, ya shiga ya ɗaura bel.

"Kai ne mai rawar birki?"

"Na daina, yallaɓai."

Ya daina ɗin kuwa, har suka iso tudun da ake tsayar da mutum a ce ya tashi ba tare da mota ta koma baya ba. Nan ya faɗi wancan karon. Ya ja hambirki, ya kunna sigina, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tsoro ya kama shi sosai.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Sai ya tuna wurin da ya fi so a duk kiɗan Bahago, inda komai yake tsayawa cak. Masu kaɗa jita su yi shiru, jama'a su riƙe numfashi, ƙafar hagu ta ɗago a hankali faya-fayen su buɗe baki suna tsiii, sannan ta dama ta sauka, ba gaggawa, ɗan bayan lokacin da kowa yake zato. Tela ya ɗago ƙafar hagu daga kuloci haka. Ya saukar da ta dama kan totur haka. Ya saki hambirki. Motar ta haye tudun sumul, ko kaɗan ba ta yi baya ba.

Daɗi ya kwashe shi, baki ya ɓalle.

"Yallaɓai, ka gani? Sirrin mutumin ke nan! Kowa ƙarfinsa yake kallo, alhali haƙurinsa ne. Ba ya bin kiɗa a guje, jira yake kiɗan ya zo ya same shi."

"Wane mutum?"

"Bahago."

"Ban san shi ba. Kashe siginar nan, tun daga tudu take cewa za mu hagu."

Tela ya kashe. Dattijo ya yi ta kallonsa ta saman tabarau har suka tsaya.

"Tashin tudun ya yi kyau. Ka ci. Amma ka bar wannan Bahagon a gida."

Tela ya fito yana tsalle, ya rungumi maigadi, ya gai da wata mata da bai sani ba har ƙasa. Yana ciro waya don ya yi wa matarsa albishir, sai ga kiranta.

"Maigida, in ka ci ka taho. In ma ka faɗi ka taho. Abin ya zo."

Ya je gida ya ɗauko ta, suka nufi asibiti. Bai taɓa tuƙi mai natsuwa irin na ranar ba. Hannu biyu a kan sitiyari, ita tana baya tana cije leɓe. Suka iso wani tudu, danja ta tsayar da su, ga motoci a baya sun matso. Ta hango ƙafarsa tana ɓari.

"Maigida."

"Na'am."

"Kunna mutumin naka. Wurin nan da yake tsayawa kafin ya sauke ƙafa."

Ya waigo yana kallonta.

"Ai ba kai kaɗai kake da kunne a gidan ba," ta ce. "Kunna mu tafi."