Basir ɗin Baba Tsoho

Yayana Rakan ne ya yanke hukuncin cewa ciwon Baba basir ne. Ba likita ba ne, tasi yake tuƙawa a unguwar Aziziyya, amma shi ne babba, sai kowa ya ja bakinsa. Bara waccan da aka yanke wa Baba wani sashe na babban hanji, likita ya faɗa mana ciwon daji ne. Rakan ya tara mu ya ce a gidanmu ba a faɗa wa dattijo irin wannan magana, zuciyarsa za ta karye. Na yi gardama har muryata ta dushe, aka ce ni Samah na cika baki.

Bana gwajin jini ya nuna ciwon yana neman dawowa, amma hotunan da aka saba ɗauka ba su nuna inda ya ɓuya ba. Sai wani asibiti a Jidda ya kawo wata hanya. Aka yi wa Baba allurar ƙwayoyin garkuwar jiki masu bin jini su nemo ciwon su manne masa, an haɗa su da sinadari mai haske wanda na'ura kaɗai ke gani. Bayan 'yan kwanaki zai koma a ɗauki hoto. Likitar asibitin ta ja mana kunne cewa hasken dushewa yake yi, kuma in aka sake allurar jiki na iya gane ta ya ɓata hoton. A baranda ta faɗa mana, don Rakan ya hana ta magana a gaban Baba.

Ranar Alhamis, ranar hoton, na isa gidan Baba a unguwar Utaibiyya da safe na tarar da gado a gyare, babu Baba. Ashe 'ya'yan wani amininsa sun zo Umra daga Kano, shi kuwa bai taɓa barin baƙo ya tafi ziyara Madina shi kaɗai ba. Ya bi su, ya kashe wayarsa kamar yadda ya saba.

Raina ya ɓaci, na kira Rakan ya zo.

"Halas, shi ke nan, a sake mau'id, su ba mu wata rana," in ji shi.

"Da wane hasken? Sashen hoton ba zai sake buɗewa ba sai Lahadi. Kai ka ce masa basir ne. Wa zai bar baƙi saboda hoton basir?"

"Tausayinsa na ji."

"Kanka ka tausaya wa, don kada ka ga fuskarsa."

Sai bayan la'asar Baba ya kira, yana dariya, wai ya saya mini dabino. Rakan ya miƙo hannu zai karɓi wayar, na buge hannun.

"Baba, ba basir ba ne. Ciwon daji ne, tun farko. Hoton yau ne zai nuna inda yake."

Baba Tsoho ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura keken gajiyayyu a Harami, ban taɓa jin numfashinsa ya yi nauyi haka ba.

"Da kun faɗa mini, da na zauna," ya ce. "Ba ni Rakan."

Na buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ni na koya maka tura keke kana yaro. Ko makaho na ɗauka, sai na faɗa masa inda muke. Ni kuka tura shekara biyu ba wanda ya ce mini komai."

Rakan ya buɗe baki zai yi magana. Baba ya kashe wayar.