Rancen Ofis

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka kwaso ƙananan ma'aikata aka jibge su a Dutse. Cikinsu har da Abdulbaƙi, akawu a wata ma'aikata, mutumin Buji, da matarsa Mu'minatu 'yar Kiyawa, da 'yarsu guda ɗaya, Ummi, tana da shekara uku. Da ƙyar suka sami ciki da falo a unguwar Takur, a gidan haya mai iyali biyar da banɗaki ɗaya.

Abdulbaƙi mutumin kirki ne, ba wanda ya taɓa musun wannan. Aibinsa ɗaya, bai iya cewa babu ba. Ran da aka yi albashi, kafin ya iso gida an tare shi sau uku a hanya. Gaba da kowa kuwa yayansa ne, Yaya Sale, manomi a Buji, wanda ya san ranar albashi fiye da masu biyansa. Yau kuɗin taki, gobe ragon suna, jibi jakin gida ya mutu. Wata bai kai sha biyar ba Mu'minatu ta fara leƙa tukunyar maƙwabta tana aron gishiri.

Wata ran Juma'a da ya dawo daga masallaci ta ajiye masa tuwo da miyar kuka ba ko ɗigon mai. Ya duba kwanon, ya dube ta.

"Abin da ya rage ke nan, Malam," in ji ta. "Yau sha bakwai ga wata. Ni dai na gaji da jin kunya. In ka yarda, ka riƙa miƙo mini albashin nan ɗungurungum, ni in riƙa ba ka na aljihu."

Ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya ce, "To, a gwada."

Ta nemo gwangwanayen madara huɗu ta wanke. Ɗaya na haya, ɗaya na hatsi da cefane, ɗaya na asibiti da makarantar Ummi. Na huɗun ta ce masa na fili ne, kuma duk wanda ya taɓa shi ba ta yafe ba. Ta samo littafin rubutu na 'yan firamare tana shigar da kome, har ashana. Da kaka ta sa shi ya je kasuwar Shuwarin ya auno gero da dawa na shekara tun suna araha, ta jera buhunan a falo, baƙi suka koma zama a tabarma a bakin ƙofa.

Amma albashin akawu bai isa ya cika gwangwani na huɗu ba, balle a shekarun nan da kome yake ninka kuɗi kafin mutum ya juya. Sai ta sayar da 'yan kunnen zinarin da uwarta ta bar mata, ta sayi gyaɗa buhu biyu. Ta shiga matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwar dillaliya, Adda Luba, ita take ɗauka ta kai gidajen manyan ma'aikata. Hayaƙi ya dafar mata da idanu, tafin hannunta ya yi kanta. Shekara shida zani biyu take juyawa. Nama sai Sallah. Matan gidan haya suka sa mata suna Banki, suna faɗa a bayanta, daga baya har a gabanta. A Buji kuwa labari ya bazu cewa Abdulbaƙi ya auri marowaciya, ta ɗaure masa aljihu. Shi dai ba a daina yabonsa ba, don ɗan abin da take ba shi na aljihu ma rabarwa yake yi, ya dawo da ƙafa.

A shekara ta biyar suka sayi fili a bayan Takur. Ranar da ya kawo takardar, da sunansa a jiki, ta riƙe ta tana kallo har hawaye ya zubo mata. Sai kuma tsoro ya kama ta.

"Malam, in Yaya ya ji muna da abin sayen fili, mun shiga uku. Ba za mu aza bulo ɗaya ba."

"To me zan ce masa? Fili ba ya ɓoyuwa."

Sai ta ce, "Ka ce rancen ofis ne. Ka ce ana yanka a albashinka duk wata, shi ya sa ba ka da sarari."

"Ƙarya fa ke nan, Maman Ummi."

"Zunubin a kaina."

Dabarar ta ci. Yaya Sale ya rage zuwa, in ya zo ma har tausaya wa ƙanen nasa yake yi. Ita kanta Mu'minatu, duk sunan da ta je ko biki, sai ta yi tagumi ta ce wa mata, "Ai mu bashin ofis ya sha mana kai." Ko 'yan'uwanta na Kiyawa haka ta gaya musu, don su ma ba su rasa buƙatu ba. A hankali gini ya tashi, bulo ɗari wannan wata, kwano bandir ɗaya bayan wata uku. Ɗaki uku, zaure, rijiya, da madafa mai faɗi wadda ita ta tsaya a kan magini sai da ya fitar mata da tagar hayaƙi yadda take so. Suka tare ana saura wata biyu a ƙaddamar da shari'a a jihar.

Shekara ɗaya da 'yan watanni suka yi a ciki tare. Wata Asabar da damina Abdulbaƙi ya ari babur ya kai wa Yaya Sale taki buhu guda. A hanyar dawowa mota ta kwashe shi. Ko asibiti bai kai ba.

Zaman makoki ya cika maƙil. Daga cikin ɗaki Mu'minatu tana jin maza a zaure suna cewa ba a taɓa yin mai buɗaɗɗen hannu irinsa ba, ga shi kuma da ɗan albashinsa ya bar wa iyali gida.

Bayan ta fita takaba aka zauna rabon gado. Aka ɗauko Malam Abdulkahar, mai makarantar allo a unguwar, dattijon da kowa ya yarda da gaskiyarsa. Ya zauna a zaure da Yaya Sale da dattawa biyu, ita kuma tana daga bayan ƙyaure. An yi wa gidan kuɗi naira dubu ɗari huɗu da tamanin. Malam ya bayyana: mamaci ba shi da ɗa namiji, iyayensa sun rasu. 'Ya tana da rabi, mata tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, abin da ya rage na ɗan'uwansa ne shaƙiƙi. Rabon Yaya Sale ya kama dubu ɗari da tamanin.

"Allah gafarta Malam, ina da magana," in ji Mu'minatu. "Gidan nan fiye da rabinsa kuɗina ne. Kuɗin mai ne da ƙuli-ƙuli, da zinarin uwata."

Yaya Sale ya gyara zama. "Ikon Allah. Marigayi da bakinsa ya gaya mini rancen ofis ne. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

"Babu wani rance, Yaya. A je ofishin a tambaya."

"In babu rance, to albashinsa ne da kika hana shi ci, kika hana mu. Duk ɗaya ne. Sunan wa ke jikin takarda?"

Ta miƙo littattafanta, guda bakwai, sun sha mai sun yi baƙi. Malam Abdulkahar ya sa tabarau ya daɗe yana buɗawa. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Mu'minatu, ni a zuciyata na gaskata ki. Amma wannan rubutunki ne ke kaɗai, ba hannun marigayi a ciki. Kina da wanda ya taɓa ji daga bakinsa cewa da kuɗinki a ginin nan? Ko mutum ɗaya?"

Aka aika aka kira Adda Luba. Tsohuwar ta zo tana dogara sanda, ta ce, "Ni dai na san shekara tara ina sayar mata da mai ina kawo mata kuɗi. Inda ta kai su, Allah ya gani ban sani ba. Ni ma ce mini ta yi bashin ofis ne."

Mu'minatu ta lalubi duk mutanen da ta sani a ranta, daga Takur har Kiyawa. Ba wanda ba ta toshe bakinsa da kanta ba.

Malam ya juya ga Yaya Sale. "Malam Sale, hukunci ya ba ka. Amma ka ji abin da na gani a littattafan nan. Da za ka sassauta, ko rabi ka bar wa marainiyar nan da uwarta, da ya fi maka alheri gobe."

"Allah gafarta Malam, yanzu lokacin shari'a ne," in ji shi. "Abin da Allah ya yanka mini, ni wane ne da zan ce ba na so?"

Wasu suka ba ta shawara ta kai kotu. Ta je ta tambayi wani mai ilmi a dangin ubanta, ya ce mata ko ina ta je shaida za a nema, in babu, Sale zai rantse bai san da kuɗinta ba, kuma rantsuwarsa gaskiya ce, don bai sani ɗin ba. Wannan ya fi kome ci mata rai. Ko ƙarya ba ta da damar cewa ya yi.

Ba ta da dubu ɗari da tamanin. Sai aka yanki gidan. Wani ma'aikacin da aka yi wa canji daga Haɗeja ya sayi ɓangaren gabas, ɗaki ɗaya da rijiya da madafa. Magina suka zo suka ja katanga a tsakar gida, kwana uku suka gama. Ita da Ummi suka rage da ɗaki biyu da zaure. Ta kafa murhu a gindin katangar tana tuya a rana, ruwa kuwa sai ta yi sallama a gidan baƙin ta roƙa, ko ta saya wurin 'yan garuwa.

Yaya Sale ya cika kuɗinsa da na shanu biyu ya biya kujerar Makka a shekarar. Da ya dawo, bayan an gama zuwa yi masa barka, ya zo Dutse da kansa, da haƙorin Makka da farar hula. Ya tsaya a zaure, ta durƙusa daga ciki ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, an dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Wallahi na yi wa marigayi addu'a a Arfa har na yi kuka. Mutum ne da bai san rowa ba. Ke ma na roƙa miki Allah ya sanyaya zuciyarki, ya cire miki son abin duniya." Ya zura hannu cikin jaka ya fito da carbi na roba, da dabino a ƙullin leda, da zamzam a 'yar kwalba. "Ga tsarabarku."

Ta sa hannu biyu ta karɓa. "An gode, Alhaji. Allah ya karɓi ibada."

Da ya tafi ta zauna a bakin murhu da ledar a cinyarta. Ummi, wadda ta kai sha huɗu a lokacin, ta dawo daga makaranta ta tarar da ita a haka, ta tambaya ko ta ɗauki dabino ɗaya.

"Ci duka," in ji Mu'minatu. "Ki ci a hankali, ki ji daɗinsa sosai. Ba za ki taɓa cin mai tsadarsa ba."

Ta tashi ta iza wuta, don mai ya fara sanyi kuma Adda Luba na nan tafe da la'asar.