Littafin Farfesa Ajimi

Saura kwana tara a yi mana jarrabawar baka, wadda idan na sake faɗuwa za a sallame ni daga karatun digiri na uku. Bara na amsa duk tambayar da aka yi mini, amma aka kayar da ni.

Babagana, wanda ya shekara shida a sashenmu, shi ya gaya mini dalili muna zaune a gindin dogon yaro.

"Rahmat, sau nawa kika ambaci littafin Farfesa Ajimi?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Yaya."

"To wa ya taɓa gani? Ambata ake yi. Sau uku, kamar alwala."

Na duba laburare, babu. Farfesa kuwa shi ne shugaban masu jarraba mu, ba ni da ƙarfin halin tambayarsa littafin. Babagana ya tura ni unguwar Dala, shagon Ekene mai fotokofi.

Ekene ya zaro takardu goma sha biyu daga ƙarƙashin injinsa.

"Maganganun littafin ke nan. Duk wanda ya ci jarrabawa a sashenku ta nan ya bi."

"Ina ainihin littafin?"

"Hajiya, shekara ashirin ina aikin nan. In rubutu ya dushe, in sake bugawa. Inda ban gane ba, in cike."

"Da me?"

"Da kaina mana. Takarda ta biyar duk tawa ce, kuma ita ɗalibai suka fi so."

Na ajiye karatun shekara biyu a gefe, na shiga haddar Ekene. Daga unguwarmu Maisandari zuwa makaranta, a cikin Keke Napep, bakina bai daina motsi ba, har wata tsohuwa ta ce in sa ta a addu'a.

Ranar jarrabawa malamai biyar suka jeru, Farfesa a tsakiya. Ya tambaye ni yadda ake tsayar da farashi a kasuwa. Na san amsar gaskiya. Na haɗiye ta, na ɗauko haddar takarda ta biyar.

"Kamar yadda Farfesa ya faɗa a littafinsa," na ce, idona a ƙasa, "ɗan kasuwa yana fara duba takalmin mai saye kafin ya faɗi farashi, kuma wannan shi ne tushen tattalin arzikin birni."

Dakta Nasidi, ƙarami a cikin malaman, leɓensa na bin nawa kalma bayan kalma.

Farfesa ya lumshe ido, ya jima.

"Ina kwance da zazzaɓi na rubuta wannan," ya ce wa sauran. Suka jinjina kai. Ya juyo gare ni. "Shafi na nawa?"

Na ƙirƙiri lamba. "Arba'in da bakwai, Farfesa."

"Da takwas ne. Ki riƙa kula."

Ya jawo takardata, ya rubuta cewa na ci, ya sa hannu.